Komawa Tsohon Tsari Ba Tare Da An Share Faifai Ba: Amsa Ga Wani Ɗan'uwa Na Dapaong

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin za mu tattauna kan yadda ake kare kwamfuta daga ƙurar hunturu, sai ga wata wasiƙa ta iso mana daga Dapaong wadda muka ga bai kamata a bar ta ta jira wani watan ba, don kada kafin amsa ta je aikin gama ya gama. Saboda haka a yi mana afuwa, maganar ƙura sai wani jiƙon.

Mai wasiƙar wani matashi ne da ke da ɗan shago a kusa da kasuwa, inda yake buga wa mutane takardu, yana yi musu fotokofi, yana kuma zuba musu karatu da waƙoƙi a kati ko a kile, wato ɗan abin nan da 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira filash. Ya ce yana da kwamfutar tebur ɗaya ta gwanjo da aka kawo masa daga Lome, da kuma babban faifan ajiya na tafi-da-gidanka mai cin giga 500, inda ya tara duk abin da yake neman abinci da shi. Damuwarsa ita ce, in ya soka faifan nan a injin fotokofinsa, ko a talabijin, ko a akwatin lasifikar da yake bayarwa haya wurin biki, sai su yi kamar ba a soka musu kome ba. Wani ya gaya masa wai faifan yana kan tsarin NTFS ne, su kuwa waɗannan na'urori FAT32 kaɗai suka sani, kuma wai akwai manhajar da za ta juye masa faifan, har da na cikin kwamfutar, zuwa tsohon tsarin ba tare da an share kome ba, ba kuma sai an sake girka Windows ba. Sake girkawar nan kuwa ita yake tsoro, domin ba shi da asalin manhajojin da ke ciki, wanda ya sa masa su ma ya bar garin. Ya rufe wasiƙarsa da cewa, "Malam, don Allah a gaya mini gaskiya, in yi ko kada in yi?"

To ɗan'uwa, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ka rabin labari ya riƙe rabi.

Kafin mu kai ga rabin da ya riƙe, bari mu fara da mene ne ma wannan tsari da ake magana. Mu da yake allo da alli ne sana'armu, da makaranta za mu yi misali. Faifan ajiya, wanda masu Faransanci ke kira disque dur, ka ɗauke shi kamar wata ƙatuwar makaranta mai miliyoyin kujeru. Duk abin da ka ajiye, takarda ce ko hoto ko murya, na'ura takan yanka shi gunduwa-gunduwa, ta zaunar da kowace gunduwa a kujerar da ta tarar babu kowa, ba kuma lalle ne kujerun su kasance a jere ba. Ke nan tilas a sami rajista wadda za ta ce wane sunansa kaza, farkonsa yana kujera ta kaza, sauransa yana ta kaza. Yadda aka tsara wannan rajista shi ake kira tsarin fayil. In rajista ta lalace, ɗalibai suna nan zaune a wurarensu, babu wanda ya fita, amma babu mai iya kiran sunan kowa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

FAT32 rajista ce irin ta da, mai sauƙi: suna, girma, ranar da aka rubuta, da jerin kujeru. NTFS kuwa ta ƙara abubuwa da yawa. Tana rubuta wanda ke da izinin buɗe kowane fayil da wanda ba shi da shi, tana iya kulle fayil ko ta matse shi don ya rage cin wuri, sa'an nan, wanda ya fi shafarmu, tana da wani ɗan littafin gefe inda take fara rubuta abin da take shirin canzawa a rajista kafin ta canza. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, da an sake kunnawa sai ta duba littafin gefen nan ta ga inda ta tsaya, ta gyara. FAT32 ba ta da wannan. A garuruwa irin namu da wuta ke tafiya ba sallama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma duk mai son komawa FAT32 ya san cewa abin da zai fara rasawa ke nan.

Asalin FAT, tun 1977 kamfanin Microsoft na Amurka ya ƙirƙiro ta, zamanin faifai masu laushi da muke kira disket. An yi ta faɗaɗa ta, aka yi FAT12, aka yi FAT16, har aka kai FAT32 a 1996 cikin wani sabon bugu na Windows 95. NTFS kuwa a 1993 ta fito tare da Windows NT. Mai lura zai ga cewa NTFS ta girmi FAT32 da shekara 3, amma duk da haka FAT32 ake kira tsohon tsari. Abin kamar yaron da aka haifa wa tsoho ne da tsufansa: ka girme shi a haihuwa, amma baffanka ne.

To me ya sa na'urori suka maƙale mata har yau? Sauƙinta ne. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke cikin rediyon mota ko akwatin lasifika ba ta da ƙarfin bin doguwar rajista, sai masu ƙera su suka koya musu wadda ta fi sauƙi, wadda kuma kowa ya sani. Ɗan kasuwa zai tashi daga nan Sokode, ya bi ta Bafilo da Kara da Mango ya sauka Dapaong, ya zarce Sinkase bakin iyakar Burkina, kowane gari da harshen mutanensa, Tem ne ko Kabiye ko Anufo ko Moba, amma in ya faɗa zango da 'yar Hausar kasuwa zai yi cinikinsa ya sami wurin kwana. To FAT32 ita ce Hausar kasuwar na'urori. Windows na jin ta, kwamfutar Apple na ji, Linux na ji, wayar hannu da kyamara na ji. Kwamfutar Apple kuwa in ka ba ta faifan NTFS za ta karanta, amma ba za ta yi rubutu a kai ba sai an ƙara mata wata manhaja. Har kwamfutar da aka ƙera bana, in ka leƙa cikinta za ka tarar da wani ɗan ɓoyayyen yanki na FAT32, galibi bai wuce 'yan ɗaruruwan mega ba, kuma daga nan take fara tashi in an kunna ta. Don haka ba ƙauyanci ba ne mutum ya nemi tsohon tsari, yana da dalilinsa.

Sai dai shi kansa Microsoft hanyar zuwa ya gina, bai gina ta dawowa ba. A cikin Windows akwai umarnin da ake kira convert, wanda in ka rubuta convert D: /fs:ntfs zai mayar maka da faifan FAT32 ya koma NTFS kayanka na nan ciki. Amma babu takwaransa mai mayarwa baya. Haka ma ya yi a Windows 98, inda ya sa abin juyawa daga FAT16 zuwa FAT32 kawai. Wannan giɓi ne wasu kamfanoni suka shigo suka cike. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna da PartitionMagic na kamfanin PowerQuest, wanda Symantec ya saye a 2003, ya kuma daina fitar da manhajar a 2009. Bayansa an sami irin su AOMEI Partition Assistant da EaseUS Partition Master da MiniTool Partition Wizard, galibinsu da na kyauta da na kuɗi. Waɗannan su ne abokinka yake nufi, kuma lalle suna yin aikin.

Amma game da faifan cikin kwamfutarka, wato yankin C: inda Windows take zaune, amsar gajeriya ce. Tun daga Windows Vista da ta fito kasuwa a 2007, har 7 da 8 da 10 da 11, babu wadda ke zama a kan FAT32, domin ginin nasu ya dogara da izini da sauran abubuwan da NTFS kaɗai ke da su. Manhaja mai hankali ma ba za ta yarda ta taɓa wannan yanki ba, wanda kuwa ya yi dabara ya tilasta, sake girkawar da kake gudu ita za ka tarar tana jiranka. Windows XP ce ta ƙarshe da ke iya zama a kan kowanne daga cikin biyun, ita kuwa Microsoft ya janye hannunsa daga kula da ita tun 8 ga Afrilu, 2014. Ko da XP ce a kwamfutarka, mu dai ba mu ga ribar da za ka ci ba, tunda ba kwamfutar za ka ɗauka ka soka a lasifika ba. Ka bar C: yadda ka same shi.

Saura faifan tafi-da-gidanka. A nan za mu ɗan tsaya mu ba da labarin abin da muka gani da idonmu, don shi ya sa muka ce wasiƙarka ba za ta jira ba.

Wani abokin aikinmu, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, mutumin Didawure ne a nan Sokode, yana da faifai irin naka. A ciki akwai makin ɗalibansa na shekara 3, da takardun gwajin jarrabawar BEPC da ya daɗe yana tarawa, da hotunan bukukuwa. Duk waɗannan ba su ne dukiyar ba. Dukiyar ita ce muryar kakansa, Allah ya jiƙansa. Tun cikin shekarun 1980 wani baffansa ya riƙa zaunar da tsohon yana ɗaukar maganarsa a kaset: abin da ya ji daga bakin nasa mahaifin game da ayarin fatake da ke tasowa daga ƙasar Hausa su bi ta Jugu su yada zango a nan kafin su wuce Gwanja sayen goro, da yadda yaƙin Salaga na 1892 ya watsa mutane, da sunayen iyaye da kakanni, wa ya auri wa, wane gida ya fito daga wane gida. Kaset 40 da 'yan kai. Abokin namu ya yi kusan shekara yana juye su cikin kwamfuta da daddare bayan ya gama duba littattafan yara, yana yanka su kashi-kashi, kowane kashi da sunansa da shekararsa. Da ya gama, aka zuba kaset ɗin a kwali aka ajiye a soro, da ma sun fara cin kansu, damina biyu ta ƙarasa su.

Bara, lokacin dogon hutu, aka tashi aurar da ƙanwarsa, dangi za su zo daga Kumasi da Kwatano, sai ya ga ai ga ranar da za a ji muryar tsoho. Ya hayo akwatin lasifika, ya soka faifai, shiru. Ya ɗauka ya kai wa wani yaro mai gyara. Yaron ya duba ya ce, "Malam, wannan ai aikin minti 20 ne, jika 2 za ka ba ni, babu abin da zai taɓa kayanka." Abokin namu ya ce, "Ƙanena, ba sai an kwafe su wani wuri ba tukuna?" Yaro ya ce, "Haba Malam, ina za mu sami wurin zuba giga 200? Ai manhajar ta san aikinta." Aka soka faifai a kwamfutar tebur, aka danna, aiki ya kai wajen rabi, wuta ta ɗauke.

Da wuta ta dawo, Windows ta ce faifan nan sai an yi masa fomate kafin a iya amfani da shi. Allah ya taimaka abokin namu yana tsaye a kan yaron, ya riƙe masa hannu kafin ya danna Formater. Ba ma ganin laifin yaron sosai, ya sha yi yana dacewa, kuma da wuta ta ƙara masa minti 10 da yanzu babu wannan labari. Amma ka duba abin da ya faru. Juyawar nan ba wani abu ba ne illa sake rubuta rajista daga wani tsari zuwa wani, ɗalibai na zaune a kujerunsu. In aka katse a tsakiya, tsohuwar rajista an riga an fara yage ta, sabuwar ba a gama rubuta ta ba. Kowa na nan, babu mai suna.

Kwana biyu muka yi muna neman aron faifai mai wurin da zai ɗauki kayan, wato dai abin da aka ƙi yi tun farko shi aka dawo aka yi, da fargaba a kai. Muka sa wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ita ba ruwanta da rajista, kujera-kujera take bi tana gane kowane fayil da kamanninsa, wannan hoto ne, wannan murya ce, tana kwashewa zuwa ɗaya faifan. Dare biyu tana aiki. Makin yara ya dawo, takardu da yawa sun dawo, wasu kuma sun fito a kakkarye, musamman waɗanda gunduwoyinsu ba a jere suke ba, tunda babu rajistar da za ta ce ga inda sauran yake. Muryar tsoho ta dawo kashi 300 da ɗoriya, amma kowane kashi sunansa harafin f da wasu lambobi a bayansa. Babu shekara, babu na farko babu na biyu. Aikin shekara guda na sa suna ya tafi.

Wadda ta cece mu wata gwaggonsa ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda ke zaune lokacin da ake ɗaukar maganar. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa mata tabarma a kunna mata, ta yi shiru tana saurare, can ta ce, "Wannan kafin ya tafi Makka ne, ba ka ji muryar da sauran ƙarfi ba?" Ko ta ce, "Tsaya ɗana, wannan cigaban na shekaranjiya ne, inda yake maganar jakuna." Abokin namu na rubutawa. Biki dai an yi an watse ba a ji muryar tsoho ba.

Abin da muka koya daga nan, wanda kuma shi ne zuciyar amsarmu gare ka, shi ne: juyawar nan ba ta da aminci sai ga wanda ya riga ya kwafe kayansa a wani wuri. Wanda kuwa ya riga ya kwafe, to ba ya ma bukatar juyawar, domin zai iya yi wa faifan fomate zuwa FAT32 cikin 'yan mintoci ya mayar da kayansa, ya sami rajista sabuwa ful. Ashe manhajar ta fi jan hankalin wanda bai kamata ya taɓa ta ba, wato mai kwafi ɗaya tak a duniya.

Akwai kuma wani shinge da ba a gaya maka ba. FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Dalili kuwa lissafi ne: gurbin da aka ware a rajista don rubuta girman fayil ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 4,294,967,295, kamar dai takardar cikewa da aka ba ka gida biyu don rubuta shekarunka, in ka kai 100 babu inda za ka sa. Kai da ke harkar biki, ka san bidiyon sa'a biyu ko uku mai kyawun hoto yakan wuce haka. Mun ga wanda ya ɗauki bikin Adossa, da rawar wuƙaƙe da sukuwar dawaki, ya zo zai zuba a kile mai giga 16 da babu kome a ciki, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma, ya rantse an sayar masa da na jabu. Kilen lafiyarsa lau, rajistar ce ba ta da gurbi. In akwai irin waɗannan a faifanka, sai ka fitar da su ko ka yanka su kafin a yi maganar FAT32.

Haka nan za ka tarar Windows ba ta nuna maka FAT32 cikin zaɓi in faifan ya wuce giga 32. Wannan ba iyakar FAT32 ba ce, domin ita tana kaiwa tera 2, wato wajen giga 2,000. Wani tsohon injiniyan Microsoft, Dave Plummer, ya ba da labarin cewa shi ya tsara ɗan akwatin fomate ɗin a 1994, kuma 32 ɗin nan zaɓarsa kawai ya yi da nufin na wucin gadi, sai abu ya zauna. Mu ma a makaranta muna da rumfunan wucin gadi da suka yaye ɗalibai har suka kawo 'ya'yansu. Sai a watan Agusta na 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga iyakar zuwa tera 2 a wani bugun gwaji na Windows 11, shi ma ga mai rubuta umarni da hannu. Ga sauran jama'a akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su Rufus da ke yin wannan fomate. Daga nan ne kuma za ka gane abin da ke sa abokan cinikinka dawowa da ƙorafi in sun sayi kati mai giga 64: katin da ya wuce giga 32 da wani tsari na uku yake zuwa, exFAT, wanda ya fito a 2006, kuma tsofaffin rediyoyi da yawa ba su san shi ba.

Ko an yi nasarar juyawa ma, ba tabbas ba ne lasifikar ta karanta. Wasu na'urorin ba sa ganin abin da ya wuce giga 32 kowane tsari ne, wasu kuma ramin da ake sokawa ba ya ba da isasshiyar wutar da za ta juya babban faifai, sai ka ji yana ƙyas-ƙyas yana tsayawa. Kana iya sa dukiyarka cikin hatsari ka tarar a banza ka yi.

Don haka ga shawararmu. Ka bar babban faifanka a NTFS, ya zama rumbu, ya zauna a shago. Ka sayi kile biyu ko uku masu giga 16 ko 32, waɗanda galibi da FAT32 suke zuwa, su zama kwandon ɗiba. Abin da za a kunna a biki ka ɗiba ka zuba, in ya ɓata ko yara sun taka, rumbu na nan. Wata 'yar dabara kuma: ƙananan na'urori da yawa ba sa bin jerin haruffa, yadda aka zuba fayiloli haka suke kunna su, saboda haka in karatu ne mai bin juna, ka zuba na ɗaya ya gama shiga kafin na biyu. In kuwa abin da kake so wani yanki ne na FAT32 a cikin kwamfutar kanta, ka shiga Gestion des disques, ka zaɓi Réduire le volume ka rage C: kaɗan, wurin da ya fita ka yi sabon yanki da bai wuce giga 32 ba. Wannan Windows da kanta take yi, ba a sake girka kome ba. Shi ma dai ka kwafe abin da ba ka son rasawa kafin ka fara.

In kuma ka ce kai dai sai ka juya babban faifan, to ba mu hana ka ba, amma kwafi tukuna, ko da aro ne, ka kuma buɗe wasu daga cikin abin da ka kwafe ka tabbata suna buɗuwa. Ka sa umarnin chkdsk ya duba lafiyar faifan, don ba a sake rubuta rajistar da da ma akwai kuskure a ciki. Fayilolin da aka kulle, waɗanda Windows kan nuna sunansu da kore, da waɗanda aka matse, masu shuɗi, a kwance su tun suna NTFS, haka ma in an sa wa faifan makullin BitLocker. Ka yi aikin a kwamfutar hannu mai lafiyayyen batir, ko ta tebur mai akwatin riƙon wuta da ake kira onduleur, ba lokacin da hadari ya haɗu ba, kuma ba a inda ƙafar wani za ta ja waya ba. In tsautsayi ya faɗa duk da haka, kada ka danna Formater, kada ka zuba wani sabon abu a faifan, kuma duk abin da za a ceto a zuba shi a wani faifai dabam, domin duk rubutun da aka yi a kan mai ciwon yana iya hawa kan abin da ake nema.

Yanzu kuma mu ne da roƙo gare ka, da sauran masu karatu na arewa. Har ranar da muke wannan rubutu, akwai kashi 9 na muryar tsohon nan da gwaggo ta kasa sanin inda za a sa su, da wasu 4 da suka dawo a yanke. Ɗaya daga cikin huɗun shi ne inda tsohon ya fara jera sunayen mutanen ayarin da kakansu ya zo a ciki, ya faɗi na ɗaya, ya faɗi na biyu, yana cikin na uku maganar ta katse. Gwaggo ta ce a shekarun baya baffan nan ya taɓa juya wasu kaset ɗin ya aika wa dangi a Mango da Dapaong. In ka shiga zango, ɗan'uwa, ka ɗan tambaya mana wurin dattawa ko akwai gidan da ke da tsofaffin kaset na wani tsoho ɗan Didawure yana ba da labarin fatauci. Wanda ya samu kada ya gwada kunnawa a tsohuwar rediyo, don kada ta cinye zaren. Ya nannaɗe shi a leda ya aiko ofishin wannan jarida da sunan wannan fili, kuɗin mota na wuyanmu.